Kwatance da Kyamarori Uku

Yayana ba ya sayen ko buroshin haƙori sai ya jera guda uku ya auna su, shi ya sa tun muna yara unguwa ta laƙaba masa Kwatance, kuma sunan ya bi shi har ofishin inshorar da yake aiki. Bai taɓa jin haushin sunan ba, shi a wurinsa lambar yabo ce. Ya taɓa cinye damina guda yana binciken laima, ruwa yana ta dukansa, ranar da ya yanke shawarar wadda zai saya kuma ruwa ya ɗauke. Amma in tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi, zai gaya maka cewa duk danginmu shi kaɗai ne ba a taɓa cuta a kasuwa ba. Gaskiya yake faɗa, don ba a cutar wanda bai saya ba.

Mu shida Inna ta haifa, ni ce auta. Rabon da mu kwana gida ɗaya dukanmu tun rasuwar Baba. Yaya Babba tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, sai ta yi shekaru ba ta leƙo ba. Kwatance ne ke bi mata. Sai Direba, wanda rayuwarsa take kan babbar mota, sai tagwaye, kowanne da garin da aiki ya jefa shi. Ni da Kwatance kaɗai muke gari ɗaya da Inna, shi gidansa ma katanga ɗaya ce ta raba su.

To sai ga shi Yaya Babba ta samu ɗan hutu, ta matsa wa kowa lamba ya zo gida. Aka tambayi Inna abin da take so a yi mata. Ba ta ce tufafi ba, ba ta ce a gyara mata ɗaki ba.

"Hoto nake so," in ji ta. "Babba. Ni a tsakiya, ku shida a kewaye da ni. In rataya shi inda nake zama."

Kowa ya gane ba ta sa ran sake ganinmu a haɗe. Matsalar ɗaya ce: Direba ba zai iso ba sai ana gobe Yaya Babba za ta koma. Ke nan safiya ɗaya tak muke da ita, kafin mota ta zo ta kai ta filin jirgi. Yaya Babba ta aike ni wurin mai hoton bakin titi, na je na kama shi don wannan safiyar. Ban gama hutawa ba Kwatance ya ji labari, ya bi sawuna ya sallami mutumin.

Ya dawo ya same mu a tsakar gida yana huci, shi a dole ya ceto mu daga abin kunya. Ya ce a rasa wanda zai ɗauki hoton mahaifiyarsa sai mai tsohuwar kyamara mai madubi a ciki, wadda in an danna take ƙara kamar an rufe ƙofar mota. Ya ce duniya ta wuce nan, yanzu zamanin kyamara marar madubi ake, kuma shi dama ya daɗe yana nazarin wadda zai saya. Kamfanoni uku ne suka rage a gasarsa. Zai kawo ukun duka, ya ɗauki hoton Inna da kowacce, wadda ta yi zarra ya saya, mu kuma mu tashi da hoto uku maimakon ɗaya.

Maƙwabcin Inna mai walda ne, kuma kunnensa ba ya rabuwa da katanga. Ya leƙo ya ce shi ma babur ɗinsa ba shi da madubi, amma bai taɓa sanin abin alfahari ba ne.

"Kai ka tsaya a kan ƙarfe," in ji Kwatance. "Wannan harka ce ta haske."

"Ai ni ma da haske nake cin abinci," in ji Mai Walda.

Yaya Babba ta so ta yi gardama, Inna ta ce a bar shi, ɗanta ne, in ya ce zai yi to zai yi. Haka take da shi tun yana ƙarami.

Washegari kyamarorin suka iso. Sunayensu cike suke da lambobi da haruffa, ba wanda ya iya riƙewa, sai muka raɗa musu namu. Baƙa ita ce babba, ya karɓo ta haya a shagon kyamara bayan mai shagon ya sa shi rantsuwa kala-kala. Ya ce wannan tana gane idon mutum ko da gudu yake yi, ta riƙe shi ba ta saki, kuma tana narkar da duk abin da ke bayan mutum har ya zama launi kawai. Sai dai in ka ji kuɗinta sai ka nemi wurin zama, gilashin gabanta kuma cinikinsa daban. Azurfa ta wani abokin aikinsa ce, kyakkyawa, da 'yan maɓallai a ka irin na kyamarorin da. Ya ce launinta ya fi na kowa daɗi, ba ta ƙara ko kaɗan, har idon tsuntsu tana ganewa. Ƙarama kuwa ta ƙanen matarsa ce, tana shiga aljihu. Ya ce ita ce ta talaka mai hankali, in aka auna aikinta da kuɗinta, sauran biyun fashi suke yi da rana tsaka.

Na tambaye shi to wacce ce ta fi. Ya dube ni da tausayi ya ce irin wannan gaggawar ce take sa a cuci mutane.

Gwajin farko na adalci ne. Ya ce ba za a kwatanta kyamarori da gilasai daban-daban ba, don haka zai cire gilashin Baƙa ya ɗaura wa Azurfa. Ashe kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa tasa. Gilashin ya ƙi shiga, Kwatance ya ce makircin kamfanoni ne, ya danna da ƙarfi. Ya shiga rabi ya maƙale, ba gaba ba baya. Ya wuni yana gumi a kan kujera, kayan mutum biyu a manne a hannunsa, kuma ko ɗaya ba nasa ba. Mai Walda ya aiko a tambaya ko ya kawo zarto. Can da la'asar atishawa ta kama shi, gilashin ya fice, ya cafe shi da cinyoyinsa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce dama haka ake cirewa, sai da ɗan girgiza.

Sai gwajin mutane. Ni ya fara kamawa: tafi, dawo, juyo, ƙifta ido, kar ki ƙifta. Da na gudu ya koma kan matarsa, da ta rufe kanta a kicin ya koma kan yaran unguwa, su ma da suka gane ba alewa a harkar suka watse. Har ta kai in mutane sun hango shi da igiyar kyamara uku a wuya sai su tsallaka titi. Abokan gwaji biyu suka rage masa, kansa da zakaran Mai Walda. Da rana yana watsa wa zakaran hatsi a gaban Azurfa yana gwada maganar idon tsuntsu. Da yamma ya kafa Baƙa a falo, ya koya mata fuskarsa don ya ga ko za ta riƙe shi, ya yi ta zirga-zirga a gabanta yana murmushi shi kaɗai. Matarsa ta ce mini ita dai tun da aka yi aurensu bai taɓa yi mata irin wannan murmushin ba.

Direba ya iso a gajiye, muka cika shida. Da safe kafin kowa ya tashi Inna ta yi wanka, ta sa kayanta mafi kyau da farin mayafin da Baba ya saya mata, ta fito ta zauna a kujera a tsakar gida, hannuwanta a kan cinya. Ban taɓa ganinta da zumuɗi irin na ranar ba, har ta ƙi karyawa wai kar ta ɓata kayan.

Kwatance ya shigo da jakunkuna, matarsa na biye da sanduna. Abu na farko da ya yi, ya ɗauko robar wanke-wanke ya zagaya ya karɓe wayar kowa. Ya ce waya ce take raba hankalin mutane a hoto, kuma ba zai yarda wani ya ɗaga tasa a gefe ya ɓata masa gwaji ba. Na riƙe tawa, Inna ta ce in ba shi, na ba shi. Aka kai robar gidansa aka kulle. Sandar kafa kyamara biyu kaɗai ya samo, don haka Ƙarama ta hau teburin guga, aka tallafe ta da littattafai. Kafin ya gama jera su maƙwabta sun cika ƙofar gida, Mai Walda kuma ya gyara zama a kan katanga.

Ya jera mu a rana, ya ce Baƙa ta fi son inuwa. Muka koma inuwa, ya ce Ƙarama ba ta gani sosai a nan, kuma ba adalci ba ne a gwada ta a inda aka san za ta faɗi. Inna ba ta iya yawan tashi da zama, don haka Direba da tagwaye suka riƙa ɗaukar ta da kujerarta suna yawo da ita a tsakar gidanta. A wani zagayen ta ce su bi a hankali ta wajen tukwanen furenta, tunda an zo wucewa ta ga ko suna son ruwa.

Da aka samu wurin da duk kyamarorin suka amince da shi, ya ce kowa ya kalli kyamara. Direba ya tambaya wacce. Ya ce duka, daidai wa daida, kar a nuna bambanci. Ɗaya daga cikin tagwaye ya gwada har idanunsa suka harɗe.

Ana cikin haka zakara ya iso. Kwana da kwanaki an koya masa cewa inda Azurfa ta tsaya nan hatsi yake, sai ya taho da taƙama ya tsaya a gabanta yana jira. Aka kore shi, ya zagaya ta bayan tukwane ya dawo. Kwatance ya ce wa Mai Walda ya zo ya kama dabbarsa.

"Kai ka ɗauke shi aiki," in ji Mai Walda. "Kai za ka sallame shi."

Kwatance ya sauko da Ƙarama daga teburin guga don ya fara da ita, ya manna ido a jikinta yana ja da baya, yana cewa mu matsu. Muna ganin bahon da aka jiƙa kayan wanki a bayansa, kuma wallahi mun yi magana, amma ya ce kar wanda ya motsa baki. Ya zauna a ciki daɓas, kyamarar a sama a hannu biyu, kumfa har ƙirji. Daga nan cikin bahon ya ce a lura ko ɗigo bai taɓa ta ba, wannan shi ake kira ƙwarewa. Ya tafi sauya kaya, ya bar mu a tsaye, ya bar kyamarorin a kunne.

Da ya dawo Ƙarama tana ƙifta jar fitila. Batir ya ƙare. Ya zaro na Baƙa, bai shiga ba, na Azurfa shi ma haka. Caja kuwa ya baro wa mai ita a can gidansa. Sai ya juya ga jama'ar ƙofa ya sanar da cewa wannan ma sakamako ne, Ƙarama ta fita daga gasa, araharta ta nuna kanta. Mai Walda ya ce Allah ya jiƙanta, yarinya ce ƙarama.

Nan aka ji hon a waje, motar filin jirgi ta iso. Yaya Babba ta duba agogon hannunta, fuskarta ta canza. Ta kira Kwatance da sunan da Baba yake kiransa in ya yi laifi, ta ce ya ɗauki hoton nan yanzu ko ta ɗauko tsintsiya. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya koma bayan Azurfa, ya ce kowa ya yi murmushi. Muka yi. Ya ɗora yatsa a kan maɓalli, amma fuskarsa tana wajen 'yan kallo, yana yi musu bayanin cewa gwani ba ya buƙatar leƙawa, kyamarar zamani ita take neman ido da kanta. Mu kuwa muna jiran mu ji ƙyas. Shiru. Muka ci gaba da murmushi har kumatunmu suka fara rawa, haƙoran Direba suka bushe. Da Yaya Babba ta tambaya ta cikin haƙora wai me ake jira, sai ya ce ai ya daɗe da gamawa, Azurfa ba ta ƙara, yana daga cikin abin da ake biya wa kuɗi.

Muka saki fuska, aka fara watsewa, sai Inna ta yi magana.

"Ku nawa ne a bayana?"

Aka ce biyar.

"Shida na haifa."

Duk nazarin da ya kwana yana yi, Kwatance bai taɓa tuna cewa mai ɗaukar hoto ba ya fitowa a ciki ba. Mai Walda ya ce a ba shi ya danna. Kwatance ya ce hannun da ya saba da guduma ba zai taɓa kayan haya ba. Baƙa tana da agogo, zai saita ta ta ƙirga, ya ruga ya shiga layi, ita ta ɗauka da kanta, dama ya ajiye ta ne ta zama ta ƙarshe don a ga bambanci. Ya buɗe gilashinta har iyaka, ya sa ta ta ɗauki hotuna a jere ba tsayawa, ya danna, ya zabura. Ƙafarsa ta harɗe da sandar Azurfa, ya tafi da rarrafe, ya taro kyamarar abokin aikinsa da haɓa. Baƙa kuwa tana ta tatata kamar keken ɗinki. Ya sake gwadawa, ya iso lafiya, amma ya tsaya gyara wa Direba kafaɗa, aka ɗauki ƙeyarsa. Mai mota ya kwanta a kan hon.

A karo na ƙarshe ya ga ba zai kai layin baya ba, sai ya zube a gwiwa ɗaya can gaba, da tazara tsakaninsa da kujerar Inna, ya turo ƙirji, ya saki murmushin nan na falo. Baƙa ta yi ɗinkinta ta gama. Ya ruga ya leƙa ɗan allon bayanta, ya ɗago fuska tana sheƙi.

"Ya fita," ya ce. "Har gashin gira ana ƙirgawa."

Yaya Babba ta ce a ba ta ta gani. Ya rungume kyamarar ya ce ba a yanke wa irin wannan aiki hukunci a ɗan allo, da yamma zai haɗa da talabijin kowa ya gani, ita kuma zai tura mata. Ba lokacin gardama. Ta durƙusa ta rungume Inna, su biyun suka yi kuka, mu ma muka taya su. Aka shiga jan akwatuna, matar Kwatance ta taho da gudu da robar wayoyi, aka miƙa wa Yaya Babba tata ta taga mota na tafiya. Sai da motar ta sha kwana na dubi wayar da ke hannuna na tuna abin da ya kamata in yi da ita. Kafin rana ta yi sanyi Direba ya koma kan motarsa, tagwaye suka tafi tasha.

Da yamma Kwatance ya fito da talabijin ɗinsa barandar Inna, ya jera bencina, ya aika a kira maƙwabta su zo su kaɗa ƙuri'a a kan kamfanin da ya ci. Suka zo kuwa, har da waɗanda ba a kira ba. Ya yi jawabi mai tsawo a kan nauyi da batir da tsadar gilashi, da yadda mai hankali yake sanin abin da ya biya wa kuɗi. Inna tana gefe a kujerarta, ba ta cire farin mayafin ba.

Aka fara da Ƙarama, wadda aka samo wa caja da rana. Hoto ɗaya ne a cikinta, sararin sama da igiyar shanya da tafin ƙafar Kwatance ɗaya a iska. Ya ce a lura da shuɗin saman, a kuɗinta ba laifi.

Sai Azurfa. Zakara ya cika talabijin. Ban taɓa ganin hoto mai kyau irinsa ba, kowane gashi a fili, zankonsa ja yana ƙyalli, idonsa kamar dutsen zobe. Can bayansa wasu ƙafafuwa ne a jere, dishi-dishi. Aka wuce na gaba, zakara ta gefe. Na gaba, zakara yana kallon nesa, ya yi zurfi a tunanin iyali. Kwatance ya manta bai mayar da ita daga neman idon tsuntsu ba, ita kuma ta yi aikin da aka sa ta. Dariya ta ɓarke har wata maƙwabciya ta sulale daga benci. Mai Walda ya share hawaye ya ce shi dai ƙuri'arsa ta Azurfa ce, kuma a wanke masa guda biyu, ɗaya shago ɗaya gida.

Kwatance ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri, duk wannan share fage ne, yanzu za a ga abin da ya sa Baƙa take da tsada. Aka ga Kwatance yana gudu, Kwatance a ƙasa, ƙeyar Kwatance, kowanne tas. Sannan hoton ƙarshe ya fito. Ga shi nan a gwiwa ɗaya, gashin gira kuwa ana ƙirgawa, har ɗan kumfar da ya rage masa a kunne. A bayansa babu fuska ko ɗaya. Launuka ne kawai suka narke cikin juna, fari a tsakiya, wasu dogaye a tsaye a kewaye. Kyamarar ta nemi fuskar da aka koya mata, ta same ta, ta riƙe ba ta saki ba.

Aka sake kecewa da dariya. Shi kuwa bakinsa bai mutu ba, ya matsa kusa da talabijin yana nunawa da yatsa, ya ce wannan narkewar ta baya ita ce darajar kyamarar, sauran kamfanonin biyu ba su isa su yi ta haka ba.

"Bayan nan da kake faɗa," in ji matarsa a hankali, "mahaifiyarka ce da 'yan'uwanka."

Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki kyamarar ya shiga danna hotunan ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ga su nan rututu, kuma duk shi ne. Gumi ya keto masa. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa kallonsa. Yaya Babba tana sama a jirgi, Direba ya yi nisa, kuma ba wanda ya san ranar da za mu sake cika. Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Inna ta ce a matso da ita. Ni da Mai Walda muka ɗaga kujerar muka ajiye ta dab da talabijin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani dogon launi mai ruwan ƙasa ta ce wannan Direba ne, ga kafaɗarsa da sitiyari ya karkatar. Ta matsa kan shuɗi ta ce babbarmu ce, ga hannunta nan a bayan kujera. Ta nuna tagwaye ta faɗi wanne ne wanne, ta nuna ni ta ce kullum sai na karkata kai. Farin tsakiya ta ce ita ce. Ta dawo kan Kwatance ta ɗan taɓa fuskarsa da yatsa.

"Shida," ta ce. "Kun cika. A wanko mini shi, babba."

Kwatance ya durƙusa gefen kujerar, ya ce Inna ai ba a ganin fuskar kowa.

"Fuskokinku na san su," in ji ta. "Tsayuwarku wuri ɗaya nake son gani." Ta ƙara duban hoton, ta gyara mayafinta. "Sai dai ka ce wa mai wankin ya ɗan dusashe ka, kai ma ka yi kama da 'yan'uwanka."